Shekarar da Na Tuge Ɗan Iro

Na ji abin da Baffanku Sale yake yawo da shi a gari. Wai na kwashe irin tumatirin kakanku na kawo wa Larabawa na sayar, sun sauya masa suna suna cin moriyarsa, ni kuma na yi gum. Ku ma na san kun ji, domin ranar da muka yi waya da Zainabu sai da ta kewaya ta kewaya sannan ta tambaye ni ko kamfaninmu yana noma tumatir mai tsaga. Ni ba yaro ba ne, na san inda tambayar ta fito. To ga yadda aka yi, daga bakina. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, in kun ga kuskure a rubutun ku gyara a zuci ku wuce.

Ku biyu ƙanana ba ku san tumatirin ba, sai dai Abba ya ɗan tuna. Ɗan Iro ake ce masa a ƙauyenmu da kewaye, da sunan kakanku. Faffaɗa ne, mai tsaga-tsaga kamar ƙaramar kabewa, fatarsa ba kauri, ga wani tsami mai daɗi. Guda biyu sun isa tukunyar miya ta san an sa mata tumatir. Aibinsa ɗaya, ba ya jure hanya. Ka zuba shi a kwando a Kadawa, kafin mota ta kai Legas ya zama ruwa, shi ya sa dillalai ko kallonsa ba sa yi. Kakanku bai damu ba. Kowace shekara sai ya ware masa fangali uku a gefen gona, ya zaga ya ɗaura tsumma a kan 'ya'yan da suka fi kyau, kuma duk wanda ya tsinki mai tsumma a cikinmu ranar jikinsa zai gaya masa. Sai ya nuna ya yi luguf, sannan ya matse shi a kan tsohon buhu, ya shanya a inuwa, ya gauraya irin da toka ya ɗura a kwalba. Shi ma a wurin ubansa ya samu. Ban san wani abu da muka gada wanda ya girmi wannan iri ba, har gonar kanta.

Sai shekarar sharon ta zo. Kun ji ana faɗa, amma ji daban, gani daban. Wani ɗan faɗa-wuta ne toka-toka, bai fi ƙwayar shinkafa ba, ba ka ganinsa sai ka girgiza ganye ya tashi. Shi ba ya cin komai, tsutsarsa ce bala'in. Tana shiga tsakiyar ganye, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, ta cinye na ciki ta bar maka fari kamar leda. Magani ya sauka a kai, ita tana ciki tana harkarta. In ta gama da ganye ta shiga 'ya'yan. Na bar gona shar ranar kasuwar Kura, kafin wata kasuwar ta zagayo kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Babu abin da ban fesa ba, har wanda aka ce a haɗa da kalanzir. Da na gaji sai in tsuguna ina bin ganye ɗaya-ɗaya ina murje tsutsar da babban yatsa kamar mahaukaci, a gonar da ta fi ƙarfin mutum goma. Kakanku bai ga wannan ba, Allah ya riga ya ɗauke shi. Bayan nan ne na bar wa Sale gonar na bi ejan zuwa Doha. Daga tumatir na gudu, aka sauke ni a gonar wani kamfani da ke noma shi cikin rumfunan leda masu sanyi, layi-layi, an ɗaure kowane da igiya har sama.

Kwalbar ƙarshe tana wurin Inna, kakarku. Da Inna ta rasu, uwarku ta tsince ta a ƙasan akwatinta, cikin tsofaffin zannuwa. Ta kai wa Sale ta roƙe shi ya ware fangali ɗaya, don iri ya fara tsufa. Abin da ya ce mata, ita ta faɗa min, kuma tana nan da ranta ku tambaye ta:

"Wa zai saya? Ku zuba a miya in kuna so."

Gidanmu na Kura kun san shi, ba inda awakin maƙwabta ba sa kai baki, ba wurin shuka ba ne. Sai ta ƙulle kwalbar cikin saƙon kuka da yaji da daddawa ta ba wani da zai dawo daga hutu ya kawo min. Ranar da na kwance ƙullin na ga tokar, na daɗe a zaune a bakin gado.

Yanzu ku ji dokar da ke kanmu. Kamfani ya taɓa shan wuya da sharon kafin zuwana, don nan ma ya iso. Saboda haka duk mai aiki a rumfa an hana shi shuka tumatir ko gauta ko tattasai a masaukinsa, don kada ƙwaro ya maƙale a riga ya bi shi cikin bas zuwa gona. Wanda aka kama, da shi da duk 'yan ɗakinsa da suka gani suka yi shiru, hanyar filin jirgi. Kamfani shi ne kafil ɗinmu, wato zamanmu a ƙasar a hannunsa yake, ba wanda za ka kai wa kuka. Masaukinmu wani tsohon gida ne a ƙarshen Al Rayyan, mu uku a ɗaki: ni, da Bulus mutumin Bokkos mai gyaran fankokin rumfa, da Alhassan ɗan zangon Kumasi, direban bas ɗinmu. A bayan gidan akwai wani lungu tsakanin katanga da tankin ruwa, mutum ɗaya ke iya shiga, shi ma a kaikaice. Can na jera fararen akwatunan kifi da na tsinto a kasuwa, na cika su da ƙasa. Da zafi ya fara sauka na juye kwalbar duka, don na san rabin irin ya mutu. Ba rabi ba ne. Biyar suka tsira. Da ruwan alwalata na raine su, ina tara shi a roba.

Alhassan dariya kawai yake yi, yana ce min mai gona. Bulus ya leƙa sau ɗaya ya ce shi bai ga komai ba. Shukokin suka yi fure, furen ya zuba, 'ya'ya suka ɗaura, kuma tun suna kamar yalo ƙanana tsagar ta fito a jikinsu. Na ɗauki hoto na aika wa uwarku. Na ma yanka tsohuwar singileti na ajiye tsummar da zan ɗaura.

Wata safiya, bas na jira a ƙofa, na shiga lungun da robata sai na ga fari a ganye. Na juya wani, fari. Na ɗaga shi sama ta wajen haske, ga tsutsar nan a ciki tana motsi. Ban san lokacin da na yar da robar ba. Na bi biyar ɗin nan ganye-ganye, duk inda na ga tsutsa na murje, na sake bi na murje, har yatsana ya yi kore. Alhassan yana ta danna hon. Da na juyo Bulus yana tsaye a bakin lungun.

"Baba Habu, mene ne wannan a ganye?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ya sa yatsanka ya yi kore? Ni ma na ga hoton da suka manna a ƙofar rumfa. Shi ne ko?"

"Ban sani ba."

"Kai da ka ce ko a mafarki ka gan shi za ka gane?"

Na cire rigar da ke jikina na sa wata, na wanke hannu har gwiwa, muka tafi. Ranar ban yi aikin kirki ba. Duk tarkon ƙwarin da aka rataya a rumfa sai na tsaya na leƙa, ina jin kamar wani abu na tafiya a wuyana.

Akwai wani Dakta Auwalu, Bazazzagi, da na taɓa haɗuwa da shi a wani suna a Mesaimeer. An ce min ƙwari ya karanta, tun daga Zariya har ƙasashen waje, kuma su yake koyarwa. Ya girmi Abba, amma ni na girme shi nesa. Ranar Juma'a na tsinke duk ganyen da ya lalace da busassun da suka zuba a kan ƙasa, na ƙulle a leda, na nemi gidansa a Al Thumama. Ya karɓe ni da mutunci, wannan ba zan hana shi ba. Aka kawo shayi. Na ba shi labari tun daga kakanku, na kuma roƙe shi abu ɗaya: akwai fili a bayan gidansa, na gani ta taga, ya bar ni in kawo akwatunan su ƙarasa nuna a can. Ya shimfiɗa jarida a tebur ya zazzage ledar, yana juya ganyen da ɗan ƙarfe.

"Malam Habu, ina tsutsar?"

"Na kashe."

"Duka?"

"To ajiye ta zan yi in ba ta abinci?"

"Da ka kawo min ɗaya da rai, da yanzu na duba bayan kanta na faɗa maka. Akwai alama a wurin. Wannan duk gidajen da ta bari ne."

"Dakta, sharon ne. Na san shi. Ya ci gonata a gabana."

"Yana iya zama shi. Amma ba shi kaɗai ke yin wannan ɓarna ba."

Sai ya shiga yi min bayani. Wai asalin sharon daga Amurka ta Kudu ya fito, can wajen manyan duwatsu inda tumatir da dankalin Turawa suka samo asali, ya biyo kaya ya ƙetare teku ya bazu. Ya faɗi sunansa na masana, Tuta absoluta, ya ce ko sunan ma an sha sauya masa, yau a sa shi a wannan dangi gobe a mayar da shi wancan. Kuma yana da ɗan'uwa, shi ma daga can, wanda ya fi son dankali amma yakan faɗa wa tumatir in ya samu. Ɓarnarsu a ganye iri ɗaya, kamarsu iri ɗaya, sai dai na dankalin ba ya share shuka kamar wancan, ana iya tsare shi da hannu in shukar ba ta da yawa. Ya ce in na dankali ne, in kawo akwatuna gobe ma, fili nawa ne. In kuwa sharon ne ba zai ɗauko shi ya kawo unguwar da kowane gida akwai lambu ba, kuma ni ma na san abin da ya kamata.

Yana cikin magana sai ya tsaya. Ya buɗe wani busasshen ganye da ya naɗe, ya ciro wasu abubuwa guda uku jajaye-jajaye kamar ƙwayar alkama. Tsutsar da ta ƙoshi ce ta kwanta cikin ƙwanso tana jiran ta fito da fuka-fuki. Sun tsere wa yatsana. Ya sa su a kwalba ya rufe bakin da ƙyalle.

"Za mu jira su fito. Kuma namiji nake so."

"Namiji kuma? Aure za ka yi masa?"

"Fuka-fuki suna ruɗi. Abin da ba ya ruɗi shi ne gabansa. Sai na cire shi na duba a na'ura, kowane iri da siffar nasa."

"Wato al'aurar ƙwaro za ka leƙa."

"Ita fa."

"Shekara nawa ka yi a makaranta, Dakta?"

Ya yi dariya har da buga tebur. Ni ban yi ba. Na tambaye shi yaushe za su fito, ya ce da zafi ne da mako guda ya isa, amma sanyin nan yana sa su nawa.

Ban taɓa yin jira irin wannan ba. Kafin bas in shiga lungu, bayan bas in shiga lungu. Duk ganyen da ya nuna fari in tsinke, yanzu kuma da nake neman tsutsa mai rai ko ɗaya ban samu ba, na riga na gama da su. Na ware rigar lungu daban da rigar aiki. Ina salla ina lissafin girman 'ya'yan. Abinci ya daina shiga. In kira Dakta da safe, ya ce ba su motsa ba, in kira da la'asar, ya ce Malam Habu ba su motsa ba. Har matarsa ta san lambata. Wani lokaci in ce a raina ai sharon ne, me nake jira, in tashi zan je in tuge, in isa bakin tankin in ga tsagar nan a jikin 'ya'yan in dawo. A rumfa kuma in na ga foman ya nufo layina sai in sunkuya ina gyaran igiya.

Ana haka aka manna takarda a ƙofar kicin: masu duba masauki za su zo ranar Lahadi. Mu duba-gari muke ce musu. Ba lungun da ba sa leƙawa.

Ranar Alhamis Dakta ya kira. Ɗaya ta fito, mace, kuma ta kwana tana bugun kwalba har ƙurar fuka-fukanta ta goge. Ta biyu ta bushe a ƙwanso. Saura ɗaya.

Da muka dawo aiki Bulus ya rufe ƙofar ɗaki ya tsaya a jikinta.

"Baba Habu, na yi maka shiru wata uku. Yara huɗu gare ni a makaranta. Ka cire abin nan."

Alhassan ya ce, "A loda shi cikin bas mana. In duba-gari ya tafi a sauke. Khalas, shi ke nan."

"Cikin bas da ke kai mu rumfa? Kai kanka ɗaya kuwa? Ba maganar ɓoyewa ba ce. In abin nan ya shiga rumfa ta jikinmu, ba mu uku kaɗai za a kora ba."

"Dakta bai ce shi ba ne," na ce.

"Bai ce ba shi ba ne. Kai kanka ba ka gane shi ranar farko ba? Kalle ni ka ce ba shi ba ne, in bar maganar."

Ban iya kallonsa ba. Na fita waje na kira uwarku. Ta saurara har na gama, ina jin ƙarar tukunya a bayanta.

"Malam, kai ka sani. Inna ta riƙe kwalbar nan shekara da shekaru. Amma ni dai kada ka dawo min gida da tumatir biyar a hannu ka ce shi za mu ci."

Sai na kira Dakta. Wannan maganar ina so ku riƙe ta yadda take, don na sha maimaita ta a kaina.

"Dakta, ka ga macen. Me ka gani?"

"Ta lalace, Malam Habu."

"Ban ce ka rantse ba. Zatonka nake tambaya."

"Ba na sa wa abu suna da zato."

"Lahadi za a shigo gidan nan. Ka bari in kawo su su kwana biyu a wurinka, in shi ne ka zubar da kanka."

"In shi ne, kwana biyu ya isa ya bazu. Ka yi haƙuri. Ka ƙara min lokaci kaɗan."

"A hannuna lokacin yake?"

Na kashe wayar.

Juma'a ta wuce, na uku bai fito ba. Ranar Asabar da muka dawo, rana ba ta faɗi ba, na shiga lungun da baƙaƙen ledoji irin na shara. Ba wanda ya tura ni a wannan lokacin, Bulus ma ba ya nan, kada ku ɗora masa. Abin da na gani a Kadawa ne ya tura ni, kuma duk wanda ya tsaya a gonar nan a waccan shekarar abin da zai yi ke nan. Na fara tsinke 'ya'yan, kore shar, mafi girmansu bai kai ƙwan kaza ba. Sannan na kama na farko a gindi na ja. Saiwarsa ta cika akwatin, sai da ya taso da ƙasar duka. Lafiyayye ne. Duk biyar ɗin lafiyayyu ne, in ban da ganyen da na yi ta tsinkewa. Ko wuta ba a yarda in sa musu ba a garin nan, sai na lanƙwasa su na cusa a leda kamar shara, na ƙulle, na sake sa wata ledar, na kai babbar kwandon titi. Warin ganyen ya kwana biyu a hannuna, na wanke da omo bai fita ba. Duba-gari ya zo ranar Lahadi, ya leƙa bayan tanki ya ga akwatuna, ya ce na mene ne, Alhassan ya ce na kifi ne, ya ce a kwashe.

Ranar Talata Dakta ya kira, na uku ya fito. Namiji ne.

Ban so zuwa ba, amma ƙafata ta kai ni. A wurin aikinsa ya karɓe ni, wani ɗaki mai sanyi da warin magani. Ya zaunar da ni gaban na'urar nan mai ƙara girman abu, wadda ake leƙawa da ido biyu. Na leƙa. Wani abu ne kamar ƙaramar ƙaya mai rassa, rawaya-rawaya. Ya buɗe littafi ya nuna min zane biyu, ya ce in kwatanta. Ban buƙaci karatu ba, ko makaho ya shafa zai san wanne ne.

"Na dankali ne," ya ce. "Akwai dankali kusa da inda ka shuka?"

Akwai. Tagar kicin ɗinmu a kan lungun take, kuma ƙarƙashin tagar buhun Bulus ne, wanda ba ya rabuwa da shi, don mutumin Bokkos in bai ci dankali ba bai ci abinci ba. Da na koma na zazzage buhun, na ƙasa duk sun huje.

"Ka kawo akwatunan yau," in ji Dakta. "Na sa an share wurin."

"Na tuge."

Ya cire tabarau ya ajiye.

"Yaushe?"

"Asabar."

"Inna lillahi. Wallahi da na ga macen na ga kamar ta fi sharon girma kaɗan. Na yi zaton..."

"Ka yi zato."

"Na yi. Amma in na faɗa maka ya zama ba haka ba fa?"

"Da ka faɗa min, ni in ɗauki nauyin. Shukata ce. Ubana ne."

Na tashi na fito. Har yau in na zauna nakan auna maganar nan. Ba ƙarya ya yi min ba, ba kuma mugunta ya yi ba. Yana tsare sunansa da aikinsa ne, kamar yadda Bulus ke tsare yaransa, kamar yadda uwarku ke tsare tukunyarta. Kowa yana da abin tsarewa, kuma kowa ya tsare nasa. Ni ma yatsana ne ya murje shaidar da za ta cece su tun ranar farko, domin abin da aka koya masa a Kadawa ke nan. Ban ce kowa ya yafe wa kowa ba. Bulus ya zubar da buhunsa, ya yi mako guda yana kawo min shayi ban sha ba, daga baya na sha, don ɗaki ɗaya muke kwana.

Koren 'ya'yan na jera su a taga na lulluɓe da tsumma. Wasu suka ruɓe, wasu suka yi ja na dole, jan da ba na nuna ba. Na matse su a kan buhu yadda kakanku yake yi. Irin ya fito fari, shafal, ba ciki. Duk da haka na shanya, na gauraya da toka, da sanyi ya zagayo na kai gidan Dakta na shuka a filin da ya share. Na yi ta zuwa duk Juma'a ina tona ƙasa da yatsa. Ciyawa ce kawai ta fito. Iyakar labarin ɗan Iro ke nan. Ba Balaraben da ya taɓa ganinsa, balle ya saya.

A Juma'ar ƙarshe da na je, Dakta ya ce in raka shi wurin aiki, akwai abin da yake so in gani. Ya jawo wani faffaɗan akwati mai murfin gilashi. Ƙwari ne a ciki jere-jere, kowane an soke shi da allura an buɗe masa fuka-fuki. Ya nuna min nawa a gefe, ƙanƙane, an gyara shi tsaf kamar ango. Ya ce ba su da irinsa da aka kama a kan tumatir a wannan yankin, kuma in an kula da akwatin zai fi ni da shi daɗewa a duniya. Ƙarƙashin kowane akwai 'yar takarda mai sunan ƙwaron da wurin da aka same shi da wanda ya kawo. Ta nawa saura layi ɗaya. Ya ɗauki alƙalami.

"Habu Iro zan rubuta ko?"

"Rubuta Habu."

"Ana sa sunan mahaifi, haka tsarin yake."

"Ba za ka sa sunan ubana a ƙarƙashin wannan abin ba."

Ya kalle ni, ya kalli takardar. Ya rubuta Habu, ya soke ta da allurar, ya mayar da gilashin.